Wai da gaske ne akwai sojan Amurka da ya yi wa Rasha yaƙi bayan an yi masa addu'ar mamaci a gida?

Abba_Kurna

Salam 'yan uwa, don Allah masu bibiyar tarihin yaƙin duniya na biyu ku taimaka min. Wani hoto ne yake ta yawo a guruf ɗinmu na WhatsApp, wani bature matashi ya haɗe rai ya zuba wa mai ɗaukar hoton harara, a ƙasa an rubuta wai sojan laima ne na Amurka, Jamusawa suka kama shi, ya gudu, ya je ya shiga sojan Rasha ya ci gaba da yaƙi, kuma wai a garinsu har an yi masa addu'ar mamaci a coci alhali yana raye. Ni dai abin ya yi min yawa wlh. Ta yaya mutumin da ba ya jin yarensu zai zo kawai su ba shi bindiga? Sannan in har ya yi ta guduwa ana kamo shi me ya hana Jamusawa su harbe shi su huta, su da aka ce ba su da imani? Wanda ya sani ya warware min.

Malam_Tarihi

Wa alaikumus salam Abba. Ba ƙirƙira ba ce, mutumin gaske ne, sunansa Joseph Beyrle, ɗan garin Muskegon ne a jihar Michigan, an haife shi a 1923. Ya gama sakandare a 1942, jami'ar Notre Dame ta ba shi gurbin karatu kyauta amma ya ajiye ya tafi soja. Ya faɗa runduna ta 506 ta sojojin laima, wadda take ƙarƙashin babbar runduna ta 101. A sansanin Toccoa da ke jihar Georgia aka horar da su, wajen da akwai wani dutse Currahee da ake sa kurata su hau shi da gudu mil 3 su sauko mil 3, da yawa a nan suke sarewa a mayar da su sojan ƙasa. Shi fanninsa rediyo ne da nakiya, ka riƙe maganar nakiyar nan don ita ce ta sama masa shiga a wajen Rashawa daga baya.

Daga nan aka kwashe su zuwa Ingila, wani ƙauye Ramsbury. Tun kafin babban farmakin da Amurka da ƙawayenta suka kai don ƙwato Faransa daga hannun Jamus ma sau biyu yana dira cikin Faransa a ɓoye, Afrilu da Mayu na 1944, yana kai wa 'yan gwagwarmayar Faransa zinari don su ci gaba da aiki.

To daren 5 ga Yuni wayewar 6 ga wata, 1944, shi ne aka zubar da sojojin laima na Amurka kusan 13,000 a Nomandi, gaɓar teku a arewacin Faransa, kafin jiragen ruwa su iso gaɓa da safe. Jirginsu C-47 ya shiga ruwan wuta daga ƙasa, direba ya yi ƙasa ƙasa, sai da ya kai tsayin bai fi mita 110 ba suka yi tsalle. Shi Beyrle a kan rufin cocin wani ƙauye mai suna Saint-Côme-du-Mont ya sauka, ya sulalo ƙasa, ya duba babu ko ɗaya daga cikin 'yan uwansa. Shi kaɗai ya yi ta yawo a bayan layin abokan gaba, ya tarwatsa wata tashar wutar lantarki da nakiyarsa, bayan 'yan kwanaki ya faɗa hannun Jamusawa.

Maganar mutuwar kuma ga yadda aka yi. Da suka kama shi sun ƙwace masa lambar nan ta ƙarfe da soja yake ratayawa a wuya, daga baya aka tsinci wata gawa da lambarsa a jiki, ana kyautata zaton wani Bajamushe ne ya saka don ya saje da Amurkawa. Ma'aikatar yaƙi ta rubuta ya mutu ranar 10 ga Yuni 1944, aka aika wa iyayensa waya, jaridar garinsu ta buga sanarwar rasuwa, aka yi masa addu'a a coci a watan Satumba.

An kira salla, bari in je in dawo in ƙarasa maka ɓangaren Rashan.

Tsohon_Saje

Malam a sa mu a addu'a. Kafin ya dawo bari in ɗan tsoma baki ɗana Abba, ni ban yi laima ba sojan ƙasa na yi har na ajiye kaki, amma akwai abin da farar hula ba zai gane ba a labarin nan sai an nuna masa.

Mita 110 ɗin nan da Malam ya faɗa ya wuce, ba ƙaramar magana ba ce. Laimarsu wata igiya ce da ke maƙale a cikin jirgi take fizgo ta ta buɗe, to a wannan tsayin tana gama buɗewa ƙasa ta zo, 'yan daƙiƙu ne kawai, laimar ko-ta-kwana da ke ƙirjinka ba ta da wani amfani don ba ka da lokacin jan ta, ga kaya niƙi niƙi a jiki, bindiga, harsashi, gurneti, abinci, shi kuma har da nakiya, ga dare ga harbi. Wasu a daren nan cikin fadamar da Jamusawa suka cika da ruwa da gangan suka faɗa, kayansu suka danne su suka nutse ko harsashi ɗaya ba su harba ba. An watsa su ko'ina ba inda aka tsara ba, shi ya sa 'yan 101 aka raba musu wani ɗan ƙarfe na wasan yara mai ƙara ƙyas ƙyas, in ka ji motsi a duhu ka danna sau ɗaya, in naka ne ya amsa da biyu, in bai amsa ba kai ka san sauran. A lokacin dala 50 ake ƙara wa sojan laima a wata a kan albashinsa saboda wannan kasadar.

Ita kuma lambar wuya guda biyu ce a sarƙa ɗaya, akwai sunanka, lambarka ta soja, rukunin jininka da addininka. In ka faɗi a bar ɗaya a jikin gawa a kai ɗaya ofis. Akawun da ke zaune a ofis bai taɓa ganin fuskarka ba, ƙarfen yake gani, ƙarfe ya ce ka mutu to ka mutu, ko kana can kana shan miyar kabeji a hannun Jamusawa.

Sai tambayarka ta me ya hana su harbe shi. Akwai yarjejeniyar Janiba ta 1929 a kan fursunonin yaƙi, Jamus ta sa hannu, Amurka da Ingila ma haka. A ciki an ce fursuna sunansa da muƙaminsa ko lambarsa kawai ya wajaba ya faɗa, kuma in ya gudu aka kamo shi horon ladabtarwa ne kawai, ɗauri a keɓe da bai wuce kwana 30 ba, domin guduwa ba laifi ba ne a wajen soja, aikinsa ne. Kuma kar ka ɗauka tausayi ne ya sa sojan Jamus yake bin wannan, a'a, su ma nasu dubu ɗaruruwa suna tsare a hannun Amurka da Ingila, abin da ka yi wa ɗan wani shi za a yi wa naka.

Amma fa wannan a hannun sojan ne. In ka faɗa hannun 'yan sandan ciki na Hitila, Gestapo, ko dakarun jam'iyyarsa ta Nazi da ake kira SS, wata maganar ce daban. A Maris 1944 fursunoni 76 sojojin sama na ɓangaren Ingila suka fice ta rami daga sansanin Stalag Luft III, aka kamo 73, Gestapo ta harbe 50 daga ciki bisa umarnin Hitila. A Disamba na shekarar kuma a Malmedy da ke ƙasar Beljiyam 'yan SS suka jera fursunonin Amurka a fili suka buɗe musu wuta, mutum 84. Don haka yaron nan ba wai doka ce ta tsare shi ɗari bisa ɗari ba, kwanansa ne bai ƙare ba.

Maman_Ihsan

Allah sarki ni uwarsa nake tunani wlh. A ce an kawo miki takarda ɗanki ya mutu, an yi zaman makoki, kin yi kuka kin haƙura, ashe yana can ana jibgarsa. Yaron da shekararsa 20 fa lokacin da ya yi tsallen nan. Baba Saje Allah ya ƙara lafiya, bayanin lambar wuyan nan ban taɓa sani ba.

Malam_Tarihi

Na dawo. Ranka ya daɗe Saje ka sauƙaƙa min aiki, don abin da ka faɗa na bambancin soja da Gestapo shi ne daidai abin da ya faru da shi.

Wata 7 ya yi a tsare, an yi ta yawo da shi sansani sansani har guda 7. Hoton da kake magana Abba shi ne wanda Jamusawa suka ɗauka na katin fursuna, ka duba idonsa da kyau, ga rama ga gajiya amma ko alamar roƙo babu a fuskar, haƙoransa a cije. A sansanonin nan sigari shi ne kuɗi, yana zuwa cikin kwalin agaji na Red Cross, da shi ake sayen burodi, da shi ake sayen mai gadi. Shi ya ce a caca ya ciyo sigari mai yawa, da shi suka toshe bakin wani mai gadi shi da abokansa biyu suka fice da dare, suka ɗare jirgin ƙasa na kaya da nufin ya kai su gabas wajen Polan. Gari na wayewa suka ga ashe Balin jirgin ya kawo su, tsakiyar gidan Hitila. Wani farar hula ya miƙa su ga Gestapo. Su kuma suka ce ai waɗannan 'yan leƙen asiri ne da aka sako ta sama, suka yi ta azabtar da su kwana da kwanaki, ya ce ta baya suka ɗaure masa hannu suka rataye shi har kafaɗunsa suka goce. Abin da ya cece su jami'an sojan Jamus ne suka zo suka ce waɗannan fursunonin yaƙi ne, a ƙarƙashinmu suke, ba ku da hurumi a kansu, suka karɓe su. Rigimar iko ce tsakanin hukuma da hukuma, shi kuma ya tsira a tsakani.

Aka mayar da shi Stalag III-C a Alt Drewitz kusa da Küstrin, bakin kogin Oder, yanzu wajen cikin Polan yake. Farkon Janairu 1945 ya sake guduwa, wannan karon abokan tafiyarsa aka harbe su shi kaɗai ya sha, ya bi ta cikin rafi cikin sanyin nan don karnuka su ɓatar da sawunsa. Maimakon ya yi yamma inda 'yan ƙasarsa suke, wanda sai ya ratsa Jamus gaba ɗaya, sai ya yi gabas inda yake jiyo ƙarar igwa, domin ranar 12 ga Janairu Rashawa suka fara gagarumin farmakinsu daga kogin Vistula zuwa Oder. A tsakiyar watan ya ci karo da tankokinsu. Ya fito hannu a sama yana ɗaga kwalin sigari Lucky Strike yana ihu da ɗan guntun Rashancin da ya sani cewa shi abokinsu ne Ba'amurke. Kwalin sigarin nan shi ne fasfo ɗinsa a ranar, ba shi da wata shaida sai shi.

Abin da aka saba shi ne a tura shi baya a haɗa shi da sauran fursunonin da aka 'yanto. Shi ya nace a bar shi ya bi su Balin. Kwamandan bataliyar mace ce, ana cewa Aleksandra Samusenko ce, ta rundunar tankoki ta farko ta dakarun Gad da ke ƙarƙashin Janar Katukov. Game da tambayarka ta yare, Abba, yaƙi ba ya buƙatar dogon turanci, rundunar da ke gudu gaba tana asarar mutane kullum ga mutum ya zo ya iya bindiga kuma gwanin nakiya, ya nuna musu yadda zai tarwatsa itatuwan da aka tare hanya da su, shi ke nan suka ba shi bindiga suka ɗora shi a bayan tanka. Abin dariya ma tankar Sherman ce ƙirar ƙasarsa, cikin kusan 4,000 da Amurka ta ba Tarayyar Sobiyet a lokacin yaƙin.

Ƙarshen Janairu bataliyar ta kai ga sansanin da ya gudo daga ciki, Stalag III-C, suka buɗe shi. Farkon Fabrairu jiragen Jamus masu kurɗowa su saki bam, Stuka, suka far musu ya ji mummunan rauni, aka kai shi asibitin Rashawa a Landsberg, garin da yanzu ake kira Gorzów a Polan. A nan Mashal Zhukov, babban kwamandan Rashawa a wannan fagen, ya zo duba majinyata aka ce masa ga wani Ba'amurke a kwance, ya tsaya suka yi magana ta bakin tafinta, ya sa aka ba shi takardar da za ta kai shi Mosko.

Ya isa ofishin jakadancin Amurka a Mosko ya faɗi sunansa, suka duba suka ce wannan sunan ai mai shi ya mutu tun Yunin bara. Suka ajiye shi a otal ɗin Metropol da mai gadi a kansa don suna zargin ko ɗan leƙen asiri ne, sai da aka gwada zanen yatsunsa da na fayil ɗinsa na soja sannan aka yarda shi ne. Ta tashar jirgin ruwa ta Odessa aka fitar da shi, ya isa Michigan ranar 21 ga Afrilu 1945, saura kwanaki kaɗan Jamus ta miƙa wuya. Maman Ihsan ga wadda za ta faranta miki, a 1946 ya yi aure a cocin nan dai da aka yi masa addu'ar mamaci, kuma limamin cocin da ya yi addu'ar shi ya ɗaura auren.

Dan_Damagaram

Malam da girmanka amma ni fa ina da ja. Ban ce mutumin bai yi ba, kama shi da sanarwar mutuwarsa da katin fursunan duk akwai takardu, amma ka lura duk wuraren da labarin ya fi daɗi, tashar wuta da cacar sigari da kwalin Lucky Strike da hirar Zhukov, daga bakinsa suka fito, kuma an fi yaɗa su bayan shekaru masu yawa. Sannan a yi ta cewa ya yi wa ƙasa biyu yaƙi kamar wani shekara ya yi a can, alhali duka duka zamansa da Rashawan bai fi wata ɗaya ba.

Kuma ku duba lokacin da ake tuno shi. A 1994 da ake bikin cika shekara 50 da saukar Nomandi, shugaban Amurka Clinton da na Rasha Yeltsin suka ba shi lambobin yabo a fadar White House, lokacin ana ɗasawa tsakanin ƙasashen biyu. Ɗansa John Beyrle ya zama jakadan Amurka a Rasha daga 2008 zuwa 2012, a 2010 aka yi ta baje kolin kayan uban a Rasha. Ni a ganina labari ne da gwamnatoci biyu suke ɗaukowa daga kabad duk ranar da suke son nuna wa duniya ai mu tsofaffin abokai ne, in an ɓata kuma a mayar a rufe.

Malam_Tarihi

Ɗan Damagaram maganarka ta siyasa ban musa ba, haka ne, kowace gwamnati tana da irin waɗannan labaran na ranar biki. Amma mutumin da ya gudu shi kaɗai cikin dare a ƙasar abokan gaba wa kake so ya tsaya masa shaida? Duk labarin fursunan da ya tsere haka yake, daga bakinsa za ka ji. Abin dubawa shi ne ko bakin nasa ya yi daidai da abin da ke rubuce, kuma ya yi: an kama shi a Nomandi, yana cikin rajistar Jamusawa, sai ga shi ya ɓullo a Mosko da rauni a jiki ta hannun Rashawa. Daga bakin Oder zuwa Mosko cikin hunturun 1945 ba mai yin wannan tafiyar sai da izinin wani babba. Kuma shi bai ci abinci da labarin ba, kamfanin Brunswick ya shiga ya yi shekara 28 yana aikin kula da fitar da kaya har ya yi ritaya. Wata ɗaya kuma da kake rainawa, a bayan tanka ne fa a farmakin Oder, ba a ofis ba.

Tsohon_Saje

Ɗana na Damagaram wata ɗaya a bakin daga ka tambayi wanda ya yi kwana ɗaya.

Ni abin da nake so yaran nan su gani daban ne. A sansanonin nan da aka tsare shi akwai fursunonin Rasha su ma, waya ce kawai ta raba su, amma su ba kwalin Red Cross ba komai, Jamus ta fake da cewa Sobiyet ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1929 ba, alhali gaskiyar magana aƙidar Nazi ce ta ɗauke su ba cikakkun mutane ba. Sojan Sobiyet kusan miliyan 5.7 Jamus ta kama, sama da miliyan 3 suka mutu a hannunta, yawanci yunwa da sanyi da cuta. Amurkawa kuwa da aka kama a Turai sun haura 90,000 kuma mafi yawansu sun koma gida. Wanda ya rayu a cikin Rashawan ma bai huta ba, tun Agusta 1941 Stalin ya fitar da umarni mai lamba 270 da ya ɗauki miƙa wuya a matsayin cin amanar ƙasa, ɗansa na cikinsa Yakov a hannun Jamusawa ya mutu a 1943 bai fanso shi ba. Don haka ranar da aka buɗe sansanonin, Ba'amurke jirgi yake jira ya kai shi gida, Barashe kuma 'yan sandan cikin ƙasarsa ne suke jiransa da tambayar me ya sa aka kama ka da rai.

Abba_Kurna

Tabɗi. Na gode Malam, na gode Baba Saje, yanzu na gane. Ɗan Damagaram kai dai ba a raba ka da gardama hhh. Tambaya ta ƙarshe, ita matar nan kwamandan ta kai Balin ɗin kuwa? Shi kuma yana raye har yanzu?

Malam_Tarihi

Ba ta kai ba, Samusenko ta rasu a farkon Maris 1945 sakamakon raunin da ta samu a farmakin Pomeraniya, wajen wata biyu kafin Balin ta faɗi. Shi kuma ya rasu ranar 12 ga Disamba 2004 yana da shekara 81, ciwon zuciya, ya je ziyara Toccoa garin da aka horar da su. A maƙabartar sojoji ta Arlington aka binne shi a Afrilu 2005.